Yashin Lommel da Kwaltar Ƙofar Ƙaura

Shekara tara ke nan ina zaune a Antwerp, ƙasar Beljiyam, ina sana'ar da ta kawo da yawa daga cikinmu nan, wato sayen tsofaffin motoci a loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas. A gida in aka ce Beljiyam, mota ake nufi ko inji ko firji wanda wani ya riga ya mora. Ni ma da wannan sanin na zo. Sai da na kwana biyu na gane ƙasar nan tana da wani abin taƙama wanda ba ya shiga kwantena, shi ne tseren babur a kan yashi da taɓo da tudu, wanda suke kira motokuros.

Wani bakanike Bature da muke hulɗa da shi ne ya matsa sai na bi shi Lommel, wani gari kusa da iyakar Holan, tafiyar kamar awa ɗaya daga inda nake. Ranar Lahadi ce a lokacin zafinsu. Filin rairayi ne tsantsa, irin na gulbi in ruwa ya janye, ko da ƙafa ka taka sai ka nutse zuwa idon sawu. Aka jera babura talatin da 'yan kai a bayan wani shingen ƙarfe, kowa ya murɗa totur, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Shinge ya faɗi, suka zabura gaba ɗaya suka nufi kwana guda wadda ba za ta ɗauki biyar a jere ba. Gabana ya faɗi, na ce wannan ai jahi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan sallah, ya ga mahaya sun sako dawaki a guje sun zo sun ja linzami gaban Sarki, ya san wannan bugun zuciyar. Daga nan sai tunanina ya gangara wani wuri marar daɗi, ayarin kai amarya a titin Ƙofar Ƙaura: samari a kan Boxer da roba-roba an cire salansa, wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya kwanta a kan sit ya miƙe ƙafafu, ga 'yan talla a gefen titi, ga tsoho yana neman tsallakawa zuwa masallaci.

Tun daga ranar nake bin tarihin wasan nan, kuma duk inda na tona magana ɗaya nake iskewa. Yaron Lommel bai fi yaron Katsina zuciya ba. An dai ba shi fili, an gindaya masa doka, an kuma rubuta sunan wanda ya ci.

Asalin abin daga Ingila ne. A 1924 aka yi tseren farko da tarihi ya riƙe, a Camberley, kuma da baburan hawa na yau da kullum aka yi shi, masu nauyi, waɗanda ba su da wani abin kirki da zai shanye gargada. Mutum ya hau nasa ya zo, ya yi tsere a cikin daji, in babur ya tsira ya hau shi ya koma gida. Wasan ya tsallaka ruwa ya shiga Faransa da Beljiyam da Holan, kuma daga bakin Faransawa sunan motokuros ya fito. Shekara biyu kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, ƙasashe uku suka haɗu a Wassenaar ta Holan suka yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko: Holan da Beljiyam da Birtaniya, kuma Birtaniya ce ta ci. Ku dubi shekarar da kyau. Mutanen nan ba su gama kwashe ɓaraguzan garuruwansu ba, abinci ma a kan ƙa'ida ake raba shi, samarinsu da yawa a fagen yaƙi suka koyi hawa babur. Ba su jira arziki ya zo ba tukuna.

A 1952 hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta kafa gasar Turai ta manyan babura masu injin 500cc, ɗan Beljiyam Victor Leloup ya fara ɗaukar kambun. A 1957 aka mayar da ita gasar duniya, Bill Nilsson na Suwidin ya zama zakaran farko. Aka ƙara ajin 250cc a 1962, sannan ajin 125cc a 1975. Wannan rabon aji shi ne abu na farko da ya burge ni, domin shi ya sa mai ƙaramin inji ba ya shiga gaban mai babba, yaro kuma yana hawa mataki-mataki. Dokar tseren ma ba ta da wuyar riƙewa: sau biyu ake fita a rana, kowace fita minti talatin da ƙarin zagaye biyu, na ɗaya ya samu maki 25, na biyu 22, na uku 20, haka har ƙasa, a tara makin shekara a fitar da zakara. In wani ya faɗi, mai tuta ya ɗaga rawaya, kowa ya sassauta.

Inda tarihin ya fi yi mini daɗi shi ne wajen ƙarfen kansa, wataƙila don a garejin kanikawa na yi ƙuruciyata. Da farko baburan Ingila ne ke mulki, irin su BSA, manya masu ƙarfi, Jeff Smith ya ci duniya da su a 1964 da 1965. Sai ga wasu marasa nauyi sun ɓullo daga Suwidin da Chekoslobakiya, Husqvarna da CZ, masu irin injin nan da ake haɗa masa baƙin mai da fetur, kamar tsofaffin Yamaha da Besfa da iyayenmu suka hau, masu hayaƙi da ƙara. A kan kwalta ana iya raina su, amma a cikin yashi nauyi shi ne abokin gaba. A 1966 wani ɗan Jamus ta Gabas, Paul Friedrichs, ya ci babban aji, wato na 500cc, a kan CZ, ya maimaita shekara uku a jere. Turawan Ingila suka tsaya a kan abin da suka saba, wasan da suka haifa ya wuce ya bar kamfanoninsu a baya, BSA ma ta durƙushe a farkon shekarun 1970.

Sannan Japanawa suka shigo. Sun zo sun kalla, sun koma sun ƙera, sun dawo sun sha kaye, sun sake komawa. Da suka ga babur ya yi, sai suka nemo mahayin da ya fi kowa, Joël Robert na Beljiyam, wanda ya riga ya ci duniya tun yana ɗan shekara ashirin a 1964. A 1970 ya ba Suzuki kambun farko da wani kamfanin Japan ya taɓa samu a wasan, ya kuma ƙare da kambu shida. Abokin aikinsa Roger De Coster ya ci babban aji sau biyar tsakanin 1971 da 1976. Ga kuma wani labari da nake so kanikawanmu na Ƙofar Marusa da Ƙofar Kwaya su ji. Shokozoba guda ɗaya da ake sawa a tsakiyar babur a maimakon biyu a gefe, wadda ta canza wasan gaba ɗaya, wani ɗan Beljiyam ne mai suna Lucien Tilkens ya ƙirƙiro ta. Yamaha ta saye fasahar, Håkan Andersson ya ci duniya da ita a 1973. Yau shokozobar waɗannan babura tana lotsawa wajen santimita talatin, shi ya sa suke tashi sama kamar tsayin soro su diro ba abin da ya karye. Tilkens ya ga matsalar ne saboda kowane mako yana ganin babura suna dira a fili. Bakaniken da ya iya huɗa fistin ya rage kafireta har Jincheng ta riƙa tsere wa mota ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Ba shi da wurin da zai gwada aikinsa a auna da agogo, don haka iyakarsa a ce wane ya iya saiti, shi ke nan.

Beljiyam ba ta fi jihar Katsina faɗi da wani abin a zo a gani ba, ita murabba'in kilomita dubu talatin da ɗoriya, mu kuma wajen dubu ashirin da huɗu. Amma mahayanta sun ɗauki kambun duniya sama da hamsin. Eric Geboers ya ci dukkan aji ukun, shi ya fara yin haka. Harry Everts ya ci huɗu, ɗansa Stefan ya ci goma, da manyan tsere 101 kafin ya ajiye a 2006, yanzu kuma jika, Liam, yana kan babur. Gado ne kamar na gidan sarautar sukuwa. Da na tambayi abokina bakaniken dalili, bai ce mini jininsu ne na daban ba. Cewa ya yi lokacin da yake yaro kusan kowane ƙauye yana da gonar da ake tsere a cikinta ranar Lahadi, manomi ya ba da aron fili bayan girbi, mutanen gari su kafa turaku su ja igiya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa ita ce abin da ya biyo baya. Gidaje suka yi yawa, maƙwabta suka yi ta kai ƙarar hayaniya, dokokin muhalli suka tsananta, filaye suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ko shahararren filin nan na ganuwar Namur, wanda ake bi ta cikin itatuwa da duwatsu, a 2007 aka yi babban tsere na ƙarshe a cikinsa. A wannan shekarar ce Steve Ramon ya ci babban aji, kuma daga nan aka shafe sama da shekara goma sha biyar babu ɗan Beljiyam da ya sake ɗaukarsa. Kambun ya koma hannun Antonio Cairoli, ɗan Sisili ta kudancin Italiya mai kambu tara, da Jeffrey Herlings na Holan wanda ya karya tarihin Everts na yawan nasara a 2023, da Tim Gajser na Sulobeniya, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan biyu da kaɗan ba. A Beljiyam iyayen nan dai su ne, zuciyar ita ce, filin ne ya tafi.

Amurkawa ma fili ne ya ɗaga su. A tsakiyar shekarun 1960 Torsten Hallman na Suwidin ya je can yana cinye su kamar da wasa. Suka buɗe filaye, suka shigar da wasan har cikin filin ƙwallo a Los Angeles a 1972, suka kuma ɗauko De Coster ya horar da su. Daga 1981 zuwa 1993 sau goma sha uku a jere suna cin gasar ƙasa da ƙasa.

Kada wani ya ce ai wannan na Turawa ne. Greg Albertyn na Afirka ta Kudu ya ci duniya sau uku a jere daga 1992 zuwa 1994, Grant Langston ya ci a 2000, Tyla Rattray a 2008. Na san za a ce waɗannan ma fararen fata ne masu hali, kuma gaskiya ne. To amma akwai gasar ƙasashen Afirka da Yuganda da Kenya da Zambiya da Zimbabuwe ke shiga, kuma Tanya Muzinda, baƙar yarinya daga Zimbabuwe, ta yi suna a wasan tun tana ƙarama. Su kansu zakarun Turai sun sha yashinmu. Gaston Rahier, ɗan guntun mutum wanda ya fara cin ajin 125cc a 1975, shi ne ya ci tseren Faris zuwa Dakar a 1984 da 1985, a zamanin da tseren ke ratsa Nijar ta Agadas. Stefan Everts kuwa, da ya je wani tseren taimako a Kwango a 2018, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya kwanta rai a hannun Allah, har ya rasa yatsun ƙafa. Na daɗe ina tunanin wannan. Cutar da ta kusa kashe zakaran duniya sau goma ita ce wadda ɗan acaba a Katsina ke haɗiye mata magani da safe ya fita nema.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu Katsinawa mun riga mun san wannan hanyar. Ƙwallon dawaki ba namu ba ne, baƙo ne ya zo a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Sarki ya ba shi fili, aka koyi dokokinsa, aka sa kofuna, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da har yau ake misali da shi, jikansa Janar Hassan Usman ya biyo sawu. Yanzu in an ce filin Folo kowa ya san inda ake nufi, ana zuwa gasa daga Kano da Kaduna da Legas, kuma ba wanda ke ganin mai buga shi a matsayin ɗan iska. Doki ya samu wannan gata domin na sarakuna ne da attajirai. Babur, dokin talaka, bai samu komai ba sai tara da kame.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma ban raina shi ba. Za su ce jefa kai ne cikin halaka. Wasan yana da haɗari, ba zan ɓoye ba: René Baeten, zakaran 1958, a wajen tsere ya mutu a 1960, André Malherbe mai kambu uku ya shanye daga wuya zuwa ƙasa bayan faɗuwar da ya yi a tseren Dakar na 1988. Amma a fili wanda ya faɗi shi ya zaɓi ya hau, da hular kwano a kansa, da takalmi har gwiwa, da sulke a ƙirji, kowa hanya ɗaya ya nufa, motar asibiti na tsaye. A titi kuwa wanda ake kwasa sau da yawa ba shi da hannu a wasan. Tsere kuma ba baƙo ba ne a addini. Ya tabbata a hadisin Ibn Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, ya ware wa horarru tazara mai tsawo, ya ware wa waɗanda ba a horar ba gajera. Rabon aji ke nan da iyakar fili. Abin da za a tsare shi ne caca da lokacin salla, kuma malamanmu sun isa su tsare.

Sai babbar magana, wadda ba ta da sauƙi. Babur a jihar Katsina yau ya ɗauki baƙin jini da bai taɓa ɗauka ba. Mutumin Batsari ko Jibiya ko Safana in ya ji ƙarar babura da yawa cikin dare ba wasa ke zuwa masa a rai ba. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana goyon mutum biyu a babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta kuma taƙaita hawan dare. Ban ga laifin mai tsoro ba, ni ma ina da 'yan uwa da suka baro gonakinsu. Wani zai ce a irin wannan hali ka zo kana maganar koya wa samari gudu a cikin yashi? Amsata ita ce masu ɓarna ba su jira an buɗe musu makaranta ba, sun riga sun ƙware. Wanda aka bari ba komai shi ne yaron cikin gari da ke son babur don babur. Fili mai rajista, inda aka san sunan kowa da lambar babur ɗinsa da sunan mahaifinsa, ya fi wa jami'an tsaro sauƙin sa ido a kan zugar da ke haɗuwa a ɓoye da yamma a bayan gari.

Maganar kuɗi kuwa, sabon babur ɗin tsere ya kai Yuro dubu goma, ba na mafarkin a fara da shi. Da Boxer za a fara, kamar yadda mutanen Camberley suka fara da abin da ke hannunsu. Ajin Boxer daban, na roba-roba daban, na yara daban. Ramukan da masu tifa suka haƙe jar ƙasa suka bari a gefen gari sun ishe mu tudu da gangare. Abin da za a kashe wa kuɗi shi ne hular kwano ta gaskiya, da igiya, da tuta, da ma'aikacin lafiya, da littafi guda wanda za a riƙa rubuta wanda ya ci da mintin da ya yi. Littafin nan kada a raina shi. Da shi ne ni, baƙo mai sayar da tsofaffin motoci, na iya gaya muku wanda ya ci a 1952. Gwanayen babur nawa aka yi a Katsina tun zamanin Honda Benly zuwa yau, waɗanda unguwa guda ke fitowa kallo? Ba wanda zai iya kawo sunan uku da shekarunsu.

Bara ɗan yayata ya karye a cinya wajen rakiyar ango. Akuya ce ta gifta yana kan taya ɗaya. Wata huɗu yana kwance, daga asibiti zuwa wurin mai ɗori, har yau yana ɗan ɗingishi. Na kira shi na yi masa faɗa sosai, ya yi shiru har na gama. Sannan ya ce, "Kawu, na ji, kuma na tuba. Amma ina za mu je? In mun hau titi a kama mu, in mun shiga daji a ce mu ne 'yan bindiga." Na riƙe waya ban samu abin ce masa ba.

A motar da na loda watan jiya na sa hular kwano shida da takalma ƙafa huɗu a but, na hannu ne, abokina bakaniken ya tattaro mini daga yaran ƙungiyarsu da suka girme su. In Allah ya kai mu Disamba zan zo gida. Na riga na yi magana da wani dattijo a ƙungiyar kanikawa, ya ce akwai wani rami a hanyar Mani da yake so in gani, kuma zai raka ni wurin mai unguwar da filin ke hannunsa.